Wai da gaske ana fasa dam don kifi su dawo?

Ɗan Nima:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani ku warware min, na ga bidiyo a Facebook wai a Amurka sun rushe dam har guda 4 a kan kogin Klamath, aka gama aikin a 2024, wai don kifi su samu hanyar haurawa sama su yi ƙwai. Abin ya ɗaure min kai wallahi, mu nan Ghana muna kuka da dumso, wato yawan ɗauke wuta, su kuma suna fasa abin da ke ba da wuta? Kuma in abin kirki ne me ya hana a yi wa dam ɗin Weija na nan Ankara (Accra) haka, tunda duk sanda aka buɗe shi mutanen Tetegu cikin ruwa suke kwana?

Malam na Asawase:
Wa alaikumus salam. Gaskiya ne ɗana, amma bidiyon bai ba ka duka labarin ba. Dam ɗin nan sun tsufa, wutar da suke bayarwa ba ta taka kara ta karya ba, kuma da hukuma ta ce sai kamfanin wutar da ke da su ya gina wa kifi hanyar wucewa kafin a sabunta masa lasisi, sai ya buga lissafi ya ga rushewar ta fi masa arha. Kifin da ake magana shi ne salmon, a kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya tafi teku ya girma, sannan ya dawo inda aka haife shi ya yi ƙwai, to in ka gitta masa katanga ka kashe zuriyarsa kenan. 'Yan asalin yankin irin su Yurok sun daɗe suna wannan faɗan, balle bayan 2002 da dubban kifi suka mutu a kogin. Ana gama fasawa ba a rufa wata guda ba aka fara ganin salmon a wuraren da suka shekara fiye da 100 ba su taka ba. Faransa ma ta rushe na Vezins.

Maman Zainab:
Ɗan Nima a fasa Weija kuma ku sha me? Ruwan famfon yammacin Ankara daga nan yake fitowa fa. Mutane ne suka je suka yi gini a hanyar kogin Densu da aka tare da dam ɗin, ruwa kuma ba ya mantuwa da hanyarsa.

Direban Sogakope:
Hajiya kin yi gaskiya, amma kar mu yi kamar dam ba shi da ɓarna. Ni hanyar nan nake bi, ku tambayi tsofaffin Ada da Mepe abin da dam ɗin Akosombo na kogin Volta ya yi musu tun da aka gama shi a 1965, kusan mutum 80,000 aka tasa daga garuruwansu, a ƙasan dam ɗin kuma ambaliyar da ke kawo wa gonaki laka duk shekara ta tsaya cak, sana'ar adode (naman ruwa mai ƙwanso) da mata ke ci da ita ta ja baya, ciyawa ta cika ruwa tsargiya ta yi yawa, yashin da kogi ke kai wa bakin teku ma ya maƙale a bayan dam, yana cikin abin da ya sa teku ke cin Keta. Sai ga 2023 an saki ruwa Mepe ta nutse. Ba wanda zai taɓa Akosombo, da shi da Kpong da Bui wutarmu ce, ni dai a riƙa sakin ruwan da tsari ana sanar da mutane da wuri.

Yaron Aboabo:
Hhhh ku kuna ta salmon. Ku zo Kumasi ku ga kogin Aboabo da Subin, ba dam ko ɗaya amma leda da robar ruwa sun toshe su, ko kwaɗo sai ya yi tunani kafin ya shiga. Kogin Offin kuma 'yan galamse, masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, sun mai da shi kalar koko. Ko yau ka fasa dam ɗin Barekese da ke kansa wane kifi zai hauro ta cikin wannan taɓon? Dam ɗin Owabi ma da dajinsa ke ɗauke da tsuntsaye, masu fili sai cin gefensa suke.

Ɗan Nima:
To Malam na gode, na janye maganar Weija kafin Hajiya ta aiko min da bil ɗin tanka. Direba, adoden da ake sayarwa a tsinke a gadar Sogakope fa, har yanzu daga Volta ake ciro shi?