Harshen da ba a taɓa rubutawa ba, ina aka samo sunayen gaɓoɓin jikinsa?

Ɗalibar Jinya, unguwar Zariya:
Salamu alaikum. Ina shekara ta 2 a makarantar koyon jinya nan Maraɗi. Jiya malaminmu ya rubuta orchite a allo, wato kumburin maraina, ya ce da ita da orchidée, sunan wani fure, tushensu ɗaya, kuma tushen ya girmi Girkanci, daga wani harshe yake wanda ko takarda ɗaya ba a rubuta da shi ba. Samarin aji suka ɓarke da dariya, ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga hannu. In babu rubutu, wa ya ji yadda mutanen nan ke kiran gabansu? Ba shaci-faɗi ba ne?

Tsohon Malamin Lise:
Wa alaikumus salam ƴata. Malaminku bai yi ƙarya ba. Girkawa na cewa orkhis, furen kuma ya ci sunan ne don saiwarsa ƙwaya biyu ce a jere. Kalmar tana nan a tsohon harshen Iran da na Armeniya da na Hitiyawa, mutanen da suka zauna a ƙasar Turkiyya a zamanin da, shi ya sa aka san ta riga Girkanci.

Aikin gwadawa ne. Ɗauki gwiwa: Faransanci genou, Latin genu, Girkanci gonu, Sanskirit na Indiya janu, Farisanci zanu. Haƙori: dent, Sanskirit dant, Farisanci dandan. Tun 1786 wani alƙali Baturen Ingila, William Jones, ya faɗa a Kalkata ta Indiya cewa Sanskirit da Girkanci da Latin uwarsu ɗaya. Kama kaɗai ba ta isa hujja ba, sai canjin sauti ya bi ƙa'ida, irin wadda masanin harshe Bajamushe Jacob Grimm ya tsara a 1822: inda Latin da Faransanci ke da p, Ingilishi na da f, ga pied ga foot, ga père ga father. Abin da aka sake ginawa ana sa masa alamar tauraro a gaba, don mai karatu ya san ba a gan shi a rubuce ba.

Inna Ungozoma:
Ni ban san Latin ba, amma shekara 23 ina karɓar haihuwa, ban taɓa jin mace ta ambaci wurin da sunansa ba. "Inna, ƙasana ke ciwo." "Gabana." In mai karatu ce ta ce al'aura. Jikokinta ina za su ji sunan na asali?

Tsohon Malamin Lise:
Hajiya, kin taɓo inda aikin ke wuya. Gwiwa ba ta da kunya, shi ya sa sunanta ya zauna. Su Rumawa ma sakayawa suka yi ta yi: vagina kuben takobi take nufi a Latin, penis kuma ana kiran wutsiya da ita, ko da yake ita tsohuwar kalma ce, tana da ƴan uwa, peos a Girkanci da pasas a Sanskirit. Abin dariyar, kalmar tusa ta tsira lafiya lau: Sanskirit pardate, Girkanci perdomai, Ingilishi fart.

Ɗan Tasha:
Malam, to mu Hausawa muna ciki?

Tsohon Malamin Lise:
A'a, gidanmu daban, da Larabci da Tamajak muke dangi. Ka ce halshe yadda muke faɗi a nan, Buzu ya ce iles, Balarabe ya ce lisan.

Ɗalibar Jinya, unguwar Zariya:
Na gode Baba. Litinin zan tambayi malaminmu asalin testicule, wato maraina da Faransanci, amma sai an tashi aji.