Kuala Lumpur ko Bankok: shawarwarin waɗanda suka je

Yawancin waɗanda suka taka biranen biyu, Kuala Lumpur ta ƙasar Maleshiya da Bankok ta ƙasar Tailan, sun fi karkata ga Kuala Lumpur, musamman ga mai tafiya da iyali. Hujjarsu abinci da salla. A Maleshiya ba a shan wahalar neman halal, manyan kantuna ma suna da ɗakin salla. Da safe ga nasi lemak, shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, naɗe cikin ganyen ayaba. Da dare kuma a je kallon tagwayen benayen Petronas masu hawa 88.

Masu son Bankok kasuwar Chatuchak ce ta ja su, ranakun Asabar da Lahadi. Sai dai sun ja kunne kan zafin watan Afrilu. Ni kam da Kuala Lumpur zan fara.