Asiransin lafiya na iyali: wanda ya taɓa shiga ya faɗa mini abin da ya gani

Mai shagon kayan gini, Wadata

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni. Damanar bara zazzaɓin sauro ya kwantar mini da yara biyu cikin mako ɗaya, ga tsohuwata da hawan jini, wata bai ƙare ba sai da na taɓa jarin shago. Tun daga nan nake tunanin asiransi. Yanzu takardun kamfani biyu ne a hannuna. Ɗaya ya ce zai ɗauki 80 cikin 100 na kuɗin magani, ɗayan ya ce 100 cikin 100, kuma tazarar kuɗin shekara tsakaninsu ba ta kai yadda na zata ba. A gidan akwai ni, mai ɗakina, yara 4 (babban yana da shekara 19, auta 3) da mahaifiyata. Raina ya fi kwanciya da na 100, amma ina tsoron kada in sa hannu a abin da ban gane ba.

Kontabul, Yantala

Wa alaikumus salam Alhaji. Shekara bakwai ke nan takardun asiransin ma'aikatanmu suna bi ta teburina. Kada ka tsaya a shafin farko inda aka rubuta kashi nawa. Buɗe can baya, akwai jadawali da ƙananan rubutu, nan ne ainihin cinikin yake.

Kowane layi yana da iyakarsa, abin da suke ce wa plafon. Ganin likita yana da nasa, ɗakin kwanciya yana da nasa a kowane dare, haƙori da gilashin ido da haihuwa kowanne da nasa, sannan akwai babban plafon na shekara. Misali, in jadawalin ya ce ɗaki jika 10 a dare, kilinik ɗin da ka je kuwa jika 25 take karɓa, to 100 cikin 100 ɗin nan na jika 10 ne, sauran jika 15 daga aljihunka za su fito kowane dare. Na ga wani abokin aikinmu ya kwana shida da yaro, ya fito yana rantsuwa an cuce shi, alhali abin yana rubuce tun ranar farko, bai dai karanta ba.

Tambayar da ta fi kowace nauyi gare ka: plafon na shekara na kowane mutum ne, ko na gidan duka? In na gidan duka ne, aiki ɗaya da aka yi wa mutum ɗaya a watan Maris yana iya cinye rabon kowa har Disamba. Ni da za a ba ni zaɓi, 80 mai faɗin plafon na fi so a kan 100 mai ƙunci, domin kashi 20 na ganin likita da maganin zazzaɓi ba shi ke karya mai shago ba, kwanciya da tiyata ke karya shi.

Sai maganar biya. Nijar tana cikin ƙasashen da ke bin dokar asiransi ta CIMA, hukumar da ke kula da asiransi a wasu ƙasashen Afirka, kuma a ƙarƙashinta kwangila ba ta fara aiki sai an biya kuɗin. Alkawarin baki na wakili cewa "ka kawo rabi, ka riga ka shiga" ba ya kare ka. Karɓi rasit, ka duba ranar farawa da ranar ƙarewa.

Uwar ƴan biyu, Bukoki

Alhaji, in da ƙarin haihuwa a gabanku, ka tambayi lokacin jira. Mu mun shiga ina da ciki wata biyu, muna murna an huta. Ranar da na kai katin wajen awon ciki aka ce mini haihuwa ba ta shiga sai kwangila ta yi wasu watanni, a tamu wata tara ne. Eko (hoton ciki), awon jini, komai mu muka biya. Wakilin bai ɓoye ba, mu ne ba mu san akwai irin wannan tambaya ba, shi kuma bai ɗauko zancen ba. Har gilashin ido da haƙori suna da nasu lokacin jiran.

Abin da ya cece mu asibitin gwamnati ne. Da aka ga ƴan biyu ne kuma ɗaya ya kwanta a gicciye, aka tura ni Maternite Issaka Gazobi aka yi mini aiki, kuma tiyatar haihuwa tana cikin abubuwan da gwamnati ta yafe tun da daɗewa. Ba zan ce ba mu kashe ko dala ba, an rubuta mana wasu magunguna mun saya a waje, amma bai kama ƙafar abin da kilinik ta faɗa mana ba.

Shi ya sa nake cewa ka zauna ka lissafa abin da gidanka ya riga ya samu. Autanka mai shekara 3 yana cikin yaran ƙasa da shekara 5 da ake duba su kyauta a likitar gwamnati tun 2006. Kuma tun Satumba 2024 an rage rabin kuɗin ganin likita da awo da kwanciya a asibitocin gwamnati, haihuwa ta zama kyauta. In iyalinka can suke zuwa, lissafinka ya bambanta da na wanda bai san ko'ina ba sai kilinik.

Malamin lakkol, Tawa

Gaskiyarki Hajiya. Ni abin da zan ƙara shi ne jerin wuraren da ke karɓar katin. Matata tana aiki da wata ƙungiya, ta sa mu duka a asiransinsu. Lokacin muna Yamai daɗi muke ji, ka miƙa kati a farmasi, ka biya kasonka, ka tafi. Da aka maido ni Tawa sai na tarar jerin nasu a nan bai wuce wurare ƙalilan ba, kuma daren da ɗiyata ta kamu da amai farmasin da ke gadi ba ya ciki. Na biya duka, na haɗa ordonansi da rasit na aika Yamai. Aka maido mini da takardun wai babu hatimin likita a ɗaya. Kafin in samu likitan in sake aikawa, kwanakin da suka ɗiba na kai takardu sun kusa cika. Kuɗin sun fito, amma bayan wata biyu da ƴan kwanaki.

Don haka Alhaji, karɓi jerin a rubuce, ka ɗauki babur ka je farmasin unguwarku da kilinik ɗin da kuka saba, ka tambayi mai karɓar kuɗi da bakinka: kuna karɓar katin kamfani kaza yau? Wani wurin sunansa yana jerin amma ya dakatar da karɓa saboda ana bin kamfanin bashi. Kuma in kana zuwa Maraɗi ko Ƙonni saro kaya, duba ko akwai wurarensu a can.

Wani ɗan uwa ya taɓa ce mini shi ba ya bukata tunda ana cire masa kuɗin CNSS, asusun ma'aikata na ƙasa, daga albashi. A sani, CNSS fansho ne da kuɗin iyali da haɗarin wurin aiki, ba ta biya maka ordonansin zazzaɓi.

Tela, Lazare

Yaya, ni maganar Inna ce ta tsaya mini, don na bi ta nan da mahaifina. Kamfanonin da na zagaya, iyali a wurinsu miji ne da mata da ƴaƴa. Uba ko uwa sai dai a yi musu tasu daban, wasu kuma suka ce shekarunsa sun wuce na shiga. Da na samu wanda ya yarda, aka ba ni takardar tambayoyin lafiya. Wani ya ba ni shawara kada in rubuta ciwon sukarinsa don kuɗin kada su hau. Na kusa bi, Allah ya sa na tambayi wata ƴar uwa da ke aikin. Ta ce in aka gano ka ɓoye ciwo da gangan, dokar CIMA ta ba su damar soke kwangilar gaba ɗaya kuma kuɗin da ka zuba ba sa dawowa. Ganowar kuma ba wuya, likitansu yana ganin ordonansi ya san ciwon ba na jiya ba ne. Na rubuta gaskiya, suka ƙara kuɗi, suka ce maganin sukari na kowane wata sai da izininsu tukuna. Na amince da hakan.

Ka tambayi kuma shekarun da yaro ke fita. A tamu 21 ne, sai in yana karatu a kai takardar makaranta kowace shekara. Babban naka saura kaɗan.

Dattijo, Talaje

Ɗana, ban ga wanda ya taɓo wannan ba. Ni na daɗe ina ƙin asiransi saboda abin da na ji malamai suna faɗa kan garari (ciniki a kan abin da ba a da tabbacinsa) da riba. Na je na zauna da malamina, ya bayyana mini bambancin asiransin kasuwa da takaful, inda mahalarta ke zuba kuɗi da niyyar taimakon juna. Kai ma ka tambayi malamin da ka yarda da shi kafin ka biya, don ka shiga da natsuwa. Mu a ƙungiyarmu ta tsofaffin direbobi asusu muka buɗe, kowa yana zuba jika 2 a wata. Yana ɗaukar ordonansi da ƙananan awo. Da ɗayanmu ya bukaci aikin ƙoda, asusun bai iya ba, sai da aka bi gida gida.

Kontabul, Yantala

Baba ya tuna mini da abu ɗaya. Manyan abubuwa irin su sikana, tiyatar da ba ta gaggawa ba da kwanciya mai tsawo, yawanci sai an nemi yardar kamfani kafin a yi. Ka tambaye su wa ake kira da dare ko ranar Lahadi, kuma in gaggawa ce kwana nawa aka ba ka ka sanar. Fita waje magani, Tunisiya ko Maroko, kada ka ɗauka yana ciki sai ka gan shi a rubuce da nasa plafon.

Mai shagon kayan gini, Wadata

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya na rufe shago da wuri na koma wurinsu da tambayoyinku a takarda. Na 100 ɗin, plafon nasa na gidan duka ne, kuma farmasin da ke bakin layinmu ya ce ya daina karɓar katinsu. Na 80 plafon nasa na kowane mutum ne, kilinik ɗin da muke kai yara tana jerinsu, na je na tabbatar. Sai dai dukansu biyu sun ƙi sa tsohuwa cikin na iyali. Na 80 sun ce in kawo ta likitansu ya duba ta ranar Alhamis kafin su faɗi kuɗinta. Ƙanena tela, wane awo aka yi wa Baba a lokacin, kuma kai ka biya ko su? Ina so in san abin da zan riƙe a aljihu kafin mu tafi.