A daina sa wa gine-ginen jami'a sunan mai rai?

Malama: Ni dai ra'ayina, kada a sa wa ginin jami'a sunan kowa sai bayan ransa, ko shugaba ne ko mai kyauta. Mai rai bai gama nuna halinsa ba. Jami'ar Seton Hall a Amurka ta sa wa gini sunan Dennis Kozlowski, sai ga shi a 2005 kotu ta same shi da laifin wawure kuɗin kamfanin Tyco, aka sauke sunan. Jami'ar Tufts ma ta kankare sunan iyalan Sackler a 2019 saboda ɓarnar OxyContin, maganin kashe zafin ciwo mai sa jaraba da kamfaninsu ya ƙera.

Akanta: Malama, in aka bi taki, ɗakunan gwaje-gwaje da yawa ba za su tashi ba. Ai gyaran a takarda yake. A rubuta kason da mai kyauta zai ɗauka daga kuɗin ginin, jami'o'i da dama sukan nemi rabi. A yanka masa wa'adin biya, galibi shekara biyar. Inda ake faɗawa rami shi ne a kafa allon suna ranar da ya yi alkawari: ya biya kashin farko, kasuwa ta juya masa baya, sunansa na sama, gini ya tsaya a linta.

Barista: Kuma mutuwa ba ta rufe magana, ranki ya daɗe. John Calhoun, tsohon mataimakin shugaban Amurka, ya mutu tun 1850, amma a 2017 Jami'ar Yale ta cire sunansa daga wata kwalejinta saboda kare bautar bayi da ya yi, ta sa na Grace Hopper, masaniyar kwamfuta. Sharuɗɗa biyu nake so a gani: ikon majalisar gudanarwa ta janye suna idan mai shi ya jawo wa jami'a abin kunya, da adadin shekarun da sunan zai yi. Kalmar "har abada" tsada gare ta. Cibiyar Lincoln ta New York, ko da yake a kan zauren kiɗa ne ba ginin jami'a ba, sai da ta amince a 2014 za ta ba iyalan Avery Fisher dala miliyan 15 kafin su yarda a cire sunansa daga zauren.

Injiniya: A ƙara da kuɗin kula da ginin. Rufi zai yi yoyo, wayoyin lantarki za su tsufa, kuma da wuya wani attajiri ya gyara ginin da ke ɗauke da sunan wani. A kuma fayyace makomar sunan idan an rushe ginin.

Malama: Na sassauta a kan masu kyauta, Barista, muddin sharaɗin janyewa na ciki. Amma shugaban jami'a da ke kan kujera fa? 'Yan kwamitin da za su tantance sunansa a ƙarƙashinsa suke, shi ke sa hannu a ƙarin girmansu. Wa zai ɗaga hannu ya ce a'a? A bari ya sauka, a jira aƙalla shekara biyu, sannan kwamitin da ba shi ya naɗa ba ya duba.