Neman Shawara Kan Injin Tsohuwar Land Rover Ta Soja

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwa masana injin mota. Na gaji wata Land Rover Series III daga mahaifina a nan Sakkwato, irin wadda sojoji suka yi aiki da ita, mai injin fetur lita 2.25 da silinda huɗu. Da sassafe tana tashi lafiya, amma da zarar injin ya ɗauki zafi, musamman da rana tsaka, sai ya soma karkarwa a silo, salansa na fitar da baƙin hayaƙi, idan kuma na taka totur sai ya shaƙe kafin ya karɓa.

Na sauya fulogi da kwantak da kwayil, na kuma tabbatar wayoyin fulogin suna bin tsarin ba silinda wuta na 1-3-4-2. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, fulogi na biyu da na uku ne kaɗai ke yin baƙi ƙirin. Bakanikena ya dage cewa kafiretar motar, ƙirar Zenith, ce ta lanƙwashe, ni kuwa hankalina bai kwanta ba, domin da ita ce da duka huɗun sun yi baƙi.

Don Allah, gasket ɗin kan injin ne ya ƙone tsakanin silindun biyu, ko bawul ne? Wane gwaji zan fara yi kafin a kwance kan injin?