Mutum-mutumin Dawuda da makarantar Florida: shin mun yi gaggawar yanke hukunci?

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum. A watan Maris na 2023 aka tilasta wa shugabar wata makaranta a birnin Tallahassee na jihar Florida ta Amurka ta ajiye aiki, bayan an nuna wa ɗaliban aji shida hoton mutum-mutumin Dawuda, wanda Michelangelo, shahararren mai sassaƙa da zane ɗan Italiya, ya sassaƙa tsirara da dutsen marmara tsakanin 1501 da 1504. Ranar da na ga kanun labarin, nan take na ce matar ta cancanci kora, domin ni ma malamar makaranta ce kuma uwa, kuma ba zan so a nuna wa ɗana al'aurar kowa ba. Yanzu kuwa zuciyata ba ta natsu da wannan hukunci nawa ba, saboda kanun labarin kaɗai na karanta. Ina roƙon waɗanda suka bi zancen su fahimtar da ni.

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kanun ya ɓoye shi ne, iyaye uku ne suka kai ƙorafi, kuma mutum ɗaya ne kawai a cikinsu ya kira hoton batsa. Sauran biyun sun yi fushi ne don ba a aika musu takardar sanarwa kafin darasin ba, kamar yadda makarantar ta saba yi. Shugaban hukumar makarantar ma ya ce akwai wasu matsaloli tsakaninsu da matar waɗanda bai fayyace ba. Saboda haka, wanda ya ce an kore ta don ta lalata tarbiyyar yara, da wanda ya ce jahilai ne suka kori mai koyar da fasaha, dukansu rabin labari suka riƙe. Magajin garin Florence, birnin Italiya inda mutum-mutumin yake, ya gayyace ta, kuma ta je ta gan shi a watan Afrilun shekarar.

Alhaji Nura:
Malam Bashir, na yarda da bayaninka, amma kada a raina ƙorafin iyayen. A wurinmu Musulmi abin ya wuce tsiraici, tun da ana danganta siffar da Annabi Dawuda, alaihis salam, kuma wannan ba abin da za mu karɓa ba ne ko da an lulluɓe ta da mayafi. Su kansu Turawa ba jiya suka fara wannan gardama ba: a 1565 an sa mai zane Daniele da Volterra ya zana tufafi a kan tsiraicin da ke babban zanen Michelangelo na ranar hisabi a fadar Fafaroma.

Malama Zainab:
Alhaji, ban musa haƙƙin uba na zaɓar abin da ɗansa zai gani ba, amma ina tsoron hukuncin da ido kaɗai ya yanke. A watan Satumba na 2016 Facebook ya goge sanannen hoton nan na yaƙin Biyetnam na 1972, wanda ya nuna yarinya 'yar shekara tara, Kim Phuc, tana gudu tana kuka ba tufafi, bayan bom mai ƙuna ya cinye rigarta da fatar bayanta. Har shafin Firaministar Norway ta lokacin, Erna Solberg, ba su ƙyale ba da ta saka hoton, sai da aka yi musu ca kafin suka mayar da shi. Wanda ya goge shi tsiraici ya gani, bai tsaya tambayar abin da ya tuɓe yarinyar ba, alhali shi ne dukan abin da hoton ke shaida.

Malama Hadiza:
Na gode muku duka. Har yanzu ba zan nuna wa ɗalibaina wannan hoto ba, amma na janye maganar da na yi cewa matar ta cancanci kora, kuma zan koma wurin abokan aikina da na faɗa wa hakan in gaya musu batun takardar sanarwar da ba a aika ba.