Sugan Hajiyarmu ya ƙi sauka da safe, don Allah a taimaka

Salamu alaikum jama'a, don Allah masu ciwon suga ko masu jinya ku ban shawara. Hajiyarmu ce, wata 8 kenan da likita ya ce tana da suga nau'i na 2, aka ɗora ta kan maganin suga mai suna metformin safe da dare kuma wallahi ba ta fashi. Mun raba ta da lemon kwalba da shayi mai sikari, tuwon shinkafa ma mun koma acha da miyar kuɓewa, ga zogale ga wake, bayan la'asar tana zagaya tsakar gida minti 30 ko da gwiwa na damunta.

Da rana lafiya lau, amma da asuba in na caka mata yatsa kafin ta ci komai sai na'urar awon suga ta nuna 9 ko 10, alhali likita ya ce kar ya wuce 7. Ni dai ina zargin furar da take damawa bayan isha'i, ita kuma ta kafe wai gero ba ya ta da suga, kun san tsofaffi in ka matsa sai fushi. Furar ce ko tuwon dare ne ya yi yawa? Sai wata mai zuwa za mu koma asibiti.